Svalbard, Girinland ko Arewacin Kanada: Ina Ya Dace Ka Nufa a Yawon Tekun Aktik?

Duk kamfanin da ke sayar da tafiyar jirgin ruwa zuwa yankin Aktik, wato can ƙuryar arewacin duniya, hoto ɗaya yake liƙawa a tallarsa: farin beyar, ƙaton naman dajin nan mai farauta, a kan ƙanƙara, tsauni a bayansa, ruwa a kwance. Wanda bai san yankin ba sai ya ɗauka ko'ina ya nufa haka zai tarar. Alhali wurare ukun da jiragen suka fi zuwa, wato tsibiran Svalbard na ƙasar Norwe, da Girinland, da mashigun arewacin Kanada, sun sha bamban ƙwarai wajen dabbobi, da yanayin ƙasa, da watan da ake iya shiga, da kuɗi. Tafiyar tana da tsada, yawancin masu yin ta sau ɗaya suke yi a rayuwa. Don haka kafin a duba farashi ko kyan ɗaki, mutum ya fara tambayar kansa abin da ya fi kai shi: dabbobi ne, ko tsaunuka da ƙanƙara?

Irin wannan tafiya ta bambanta da ta manyan jiragen shaƙatawa masu tsayawa tasha-tasha. Jirgin ƙarami ne, yana ɗauke da kwalekwalen roba masu inji da ake kira Zodiac, kowanne na ɗaukar mutum 10 zuwa 12. Idan yanayi ya bari, ana fita sau biyu a rana, safe da bayan abincin rana, ko a sauka a gaɓa a taka ƙasa, ko a zagaya cikin kwalekwalen. Jadawalin da aka ba ka a takarda niyya ce kawai. Kyaftin da jagoran tafiya su ne suke duba taswirar ƙanƙara da hasashen iska kowane dare su yanke inda za a kwana.

Svalbard: nan dabbobin suke

Svalbard na tsakanin digiri 74 da 81 na arewa. Babban garinta Longyearbyen, mai mutum kusan 2,500, tafiyar awa uku ce a jirgin sama daga Oslo. Babbar fa'idarta ita ce kusanci. Ka sauka daga jirgin sama, ka hau na ruwa da yamma, gari na wayewa kana cikin fiyod, wato doguwar mashigar teku da ƙanƙara ta sassaƙa tsakanin duwatsu. Ba a ɓata kwanaki a tsakiyar teku.

Abin da ya sa gaɓar yamma take buɗewa da wuri shi ne wani reshen ruwan ɗumi na Atlantika da ke bi ta gefenta. Gabas da arewa kuwa suna riƙe ƙanƙara har cikin bazara, kuma can ne beyar yake. Dalilin a bayyane yake. Abincinsa sil ce, wata dabbar teku mai kitse da ke shaƙar iska, a kan ƙanƙarar teku yake kama ta, ko a bakin ramin da take leƙowa ta shaƙi iska, ko tana kwance tana hutawa. Inda ƙanƙara ta ja, nan yake bi. Wanda ya rage a tudu bayan ta narke yakan wuni a kwance yana tattalin ƙarfinsa, ya ci ƙwan tsuntsaye ko mushen da ruwa ya kawo. Saboda haka tambayar da ta fi muhimmanci ka yi wa mai sayar da tafiya ita ce: kwana nawa aka ware don zuwa bakin ƙanƙarar teku? Tafiyar da ta tsaya a fiyod na yamma kaɗai za ta nuna maka kyawawan wurare, amma damar ganin beyar a cikinta kaɗan ce.

An hana farautar farin beyar a Svalbard tun 1973, kuma an ƙiyasta cewa yankin Tekun Barents da Svalbard ke bakinsa gaba ɗaya, har da ɓangaren Rasha, yana da kusan 3,000. Walros, ƙatuwar dabbar nan mai haure biyu wadda namijinta kan haura tan guda, ta samu kariya tun 1952 bayan an kusa ƙarar da ita. Yanzu ana tarar da su jibge a kan yashi a wurare irin su Poolepynten, suna gurnani, warinsu na riga ganinsu isowa idan iska ta juyo. Akwai barewar Svalbard mai gajerun ƙafafu wadda ba ta cika gudun mutum ba, da yanyawar ƙanƙara da ke sintiri a gindin duwatsun tsuntsaye tana jiran ƙwai ko ɗan tsako ya faɗo. A mashigar Hinlopen akwai dutsen Alkefjellet, inda tsuntsaye dubbai suke jere a kan 'yan siraran gefuna na dutse da ya miƙe tsaye daga cikin ruwa. Kwalekwale na bi ta ƙarƙashinsu a hankali, sama ta yi baƙi da fukafukai, hayaniya ta hana ka jin na kusa da kai, kashinsu na zuba a kan hula da kyamara. A ganina wannan wuri shi kaɗai ya isa ya sa a zaɓi tafiyar da ke ratsa Hinlopen.

Watan da ka zaɓa yana canza kusan komai. A watan Mayu da farkon Yuni dusar ƙanƙara na rufe da duwatsu har bakin ruwa, wuri ya yi fari tas, ƙanƙarar teku na kusa, amma gabas a toshe take, sauka a tudu kuma da wuya. Ƙarshen Yuni zuwa Yuli tsuntsaye na kan ƙwai da 'ya'ya, furanni sun fito, manyan kifayen wel sun shigo kiwo, kuma yawanci a Yuli ne Hinlopen ke buɗewa a iya zagaye Spitsbergen, tsibiri mafi girma a Svalbard. A Agusta an fi samun damar kaiwa can gabas, zuwa katangar ƙanƙara ta Bråsvellbreen inda ruwan narkewa ke kwararowa daga samanta zuwa teku. Sai dai tsuntsaye sun fara watsewa, bakin ƙanƙara kuma yakan ja har wajen digiri 82, jirgi ya ci kwana guda kafin ya kai. Hazo ya fi yawa a tsakiyar bazara, kuma shi ne babban mai soke fita: idan masu gadi ba sa iya hango nesa, ba wanda zai sauka, domin beyar zai iya isowa ba a gan shi ba.

Dole a san dokokin da Norwe ta fara aiki da su ranar 1 ga Janairu 2025, domin tsofaffin hotunan talla ba sa nuna halin da ake ciki yanzu. Tsakanin mutum ko jirgi da beyar sai an bar mita 300, daga 1 ga Maris zuwa 30 ga Yuni kuma mita 500. Idan shi ya matso, ku za ku ja baya. A yankunan da aka killace, waɗanda suka kai kusan kashi biyu cikin uku na ƙasar, an ƙayyade wurare 43 da masu yawon buɗe ido za su sauka, an hana jirgi mai fasinja sama da 200 shiga, an kuma hana tashin jirgi marar matuƙi. Fasa ƙanƙarar da ke manne da gaɓa ma haramun ne. Ma'anar wannan a aikace: daga mita 500 beyar ɗan ɗigo ne mai launin madara da ya ɗan yi rawaya a kan fari. Wayar hannu ba za ta ɗauke shi ba. Kowane matafiyi ya zo da madubin hangen nesa nasa na kansa, 8x42 ko 10x42, kada miji da mata su ce za su raba ɗaya. Mai son hoto ya nemi gilashin kyamara na milimita 400 zuwa sama. Dokar ta rage armashin hoto, amma tana da hujja, domin macen da ke tare da 'ya'ya idan aka tashe ta daga wurin farauta asarar abincin kwanaki ce.

Girinland: gabas daban, yamma daban

Wanda tsaunuka da ƙanƙara suka fi damunsa, Girinland ta fi Svalbard nesa ba kusa ba. Ƙanƙara ta rufe kusan kashi 80 cikin 100 na tsibirin, kogunan ƙanƙararta, wato tarin ƙanƙarar da ke gangarowa a hankali daga tudu zuwa teku, masu kauri ne ƙwarai, saboda haka duwatsun ƙanƙarar da ke ɓallewa su faɗa teku sukan fi jirgin da kake ciki tsawo da faɗi. Na Svalbard ƙanana ne idan aka gwada. Abin da ido ke gani kuma kusan kashi ɗaya cikin goma ne, sauran na ƙarƙashin ruwa. Idan gindin ya narke dutsen yakan kife ba gargaɗi, ya tayar da igiyar da za ta juyar da kwalekwale. Shi ya sa direban kirki ba ya shiga ƙarƙashin bakan ƙanƙara komai roƙon masu kyamara, kuma yakan bar aƙalla mita 200 tsakaninsa da fuskar kogin ƙanƙara mai zubarwa.

A gabas akwai Scoresby Sund, tarin fiyod mafi girma a duniya, wanda ya kutsa cikin ƙasa kusan kilomita 350. Cikinsa ruwa a kwance yake, duwatsu na tashi daga ruwa sama da mita 1,000, wasu jajaye, wasu masu zane hawa-hawa. Gari ɗaya ne a bakinsa, Ittoqqortoormiit, wanda aka kafa a 1925, mutanensa ba su kai 400 ba. Daga arewacinsa gandun daji na Arewa maso Gabashin Girinland ya fara, mai faɗin murabba'in kilomita 972,000, wato ya fi Najeriya girma, kuma babu gari ko ɗaya a cikinsa. Dabbar da ake zuwa gani ita ce ɓaunar maski mai dogon gashi har ƙasa, sai farin zomo da yanyawa. Beyar yana nan, amma a Girinland 'yan ƙasa na farautarsa bisa ƙa'idar adadi, ƙasar kuma da faɗi, don haka ganinsa sa'a ce. Kada ka biya kuɗin gabashin Girinland da niyyar beyar.

Lokacin shiga gajere ne. Saɓanin yammacin Svalbard, nan igiyar ruwan sanyi ce ke gangarowa daga arewa ɗauke da ƙanƙara, ta toshe gaɓar har ƙarshen Yuli. Agusta da Satumba ne ake shiga. Wannan jinkiri yana da riba biyu: ciyayin tudu sun rine ja da rawaya, dare kuma ya dawo, saboda haka a Satumba ana ganin orora, hasken nan mai launi da ke rawa a sama da dare. A Svalbard tsakiyar bazara ba a ganinsa ko kaɗan, domin a Longyearbyen rana ba ta faɗuwa daga wajen 20 ga Afrilu zuwa wajen 22 ga Agusta. Wahalar gabas tana wajen isa. Yawancin jirage daga Aisland suke tashi ko can suke ƙarewa, dole su ratsa mashigar Denmak, kwana guda ko fiye a buɗaɗɗen teku, kuma a Satumba iska ta fara ƙarfi. Mai saurin jiri da amai ya sha magani kafin jirgi ya fita daga fiyod. Bayan cikin ya juya, ƙwayar ba ta zama.

Nisa ma abin lura ne. A Satumba 2023 wani jirgin yawo mai ɗauke da mutum 206 ya kafe a Alpefjord, cikin gandun dajin, ya kwana uku kafin a ja shi. Ba wanda ya ji rauni, amma abin ya nuna yadda agaji yake da nisa a can, da kuma yadda ba a gama auna zurfin ruwan wasu fiyod ba. A Svalbard akwai jirage masu saukar ungulu na ceto a Longyearbyen, da ƙaramin asibiti mai tura manyan matsaloli zuwa birnin Tromsø a arewacin Norwe. Mai ciwon zuciya ko wata larura da ka iya tashi farat ɗaya ya sa wannan a ma'auni.

Yammacin Girinland kuwa nan mutane suke. Yawancin al'ummar ƙasar, su kusan 57,000, a wannan gefen suke zaune, a Nuuk da Sisimiut da Ilulissat da ƙananan ƙauyuka masu gidaje kala-kala. Fiyod ɗin ƙanƙara na Ilulissat, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2004, yana tura manyan duwatsun ƙanƙara zuwa gaɓar Disko, inda kifayen wel masu doro suke kiwo a tsakaninsu. A kudu akwai kufan mutanen Turai ta Arewa da suka zauna tun ƙarshen ƙarni na 10, har da bangon cocin Hvalsey. Zuwa ya yi sauƙi tun da aka buɗe sabon filin jirgin saman Nuuk a Nuwamba 2024. Dabbobin tudu dai kaɗan ne, beyar kusan babu a inda jiragen ke bi, sauro kuma a watan Yuli yana da yawa har sai an sa ragar fuska.

Arewacin Kanada

Wannan ta mai lokaci ce da kuɗi. Ratsa mashigar Arewa maso Yamma, hanyar ruwan da ta bi ta tsibiran arewacin Kanada ta haɗa Atlantika da Pasifik, kan ci kwana 17 zuwa sama, daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba. Kanada ce ke da kusan kashi biyu cikin uku na fararen beyar na duniya, tana da farin wel da narwal mai dogon haure ɗaya, amma ƙasar ta yi faɗin da za a iya yin kwanaki ba a ga komai ba, narwal kuma yana gudun ƙarar inji. Abin da ke jan mutane shi ne tarihi da ƙauyukan Inuwit, mutanen asalin yankin, irin su Pond Inlet da Gjoa Haven: kaburburan mutum uku na ayarin binciken Franklin, ɗan Birtaniya, na 1845 a tsibirin Beechey, da hanyar da Amundsen, ɗan Norwe da ya fara ratsa mashigar da jirgi, ya bi daga 1903 zuwa 1906. Ƙanƙara na iya rufe hanya, kamar yadda ta yi a 2018 ta mayar da jirage da dama. Ban ba wa mai zuwan fari shawarar ya fara da ita ba.

Akwai kuma tafiyar haɗaka ta kusan mako biyu: Svalbard, gabashin Girinland, Aisland. A takarda ta yi kama da riba uku a kuɗi ɗaya. A ƙirga kwanakin tukuna. Biyu sun tafi a ratsa Tekun Girinland, ɗaya ko biyu a mashigar Denmak, Svalbard ta samu uku ko huɗu, sau da yawa a yamma kaɗai, kuma a ƙarshen bazara lokacin da tsuntsaye suka tafi. Ta dace da mai son ya ga yanayin ƙasa iri-iri. Mai neman dabbobi zai fi cin riba da kwana 10 a Svalbard zalla.

Jirgin da kansa

Bayan wuri da wata, girman jirgi ne ya fi shafar abin da za ka gani. Ƙungiyar AECO, wadda ta haɗa kamfanonin wannan sana'a tun 2003, tana da ƙa'idar kada a sauke fiye da mutum 100 a wuri ɗaya lokaci guda, kuma a samu jagora ɗaya ga kowane mutum 20. Jirgi mai fasinja 90 kowa zai fita tare ya yi awa uku a waje. Mai 190 sai an raba kashi biyu, rabi a tudu rabi a kwalekwale ko a zaune suna jiran kira, lokacin kowa ya ragu. Idan aka hango beyar yana tafiya a gaɓa, mintocin da ake ɗauka kafin a sauke kwalekwale a cika su su ne bambancin gani da ji. Akwai ƙananan jirage masu fasinja 12, waɗanda masu ɗaukar hoto suke so domin suna iya tsayawa wuri ɗaya wuni guda. Sai dai suna rawa a kan igiya, ɗakunan matsattsu ne, matakala a tsaye, yawanci babu likita. Ga mafi yawan mutane, fasinja 50 zuwa 130 shi ne daidai.

Ka tambayi darajar jirgin a ƙanƙara. Ma'aunin ya tashi daga PC1, mafi ƙarfi, zuwa PC7. Yawancin jiragen yawo PC6 ne ko PC5, kuma sun isa su kutsa cikin sakakkiyar ƙanƙarar bazara. Jirgin da ba shi da irin wannan daraja a gefe zai tsaya. Ka raba yawan fasinja da goma ka gani ko kwalekwalensu sun kai. Ka tambaya ko ana barin fasinja su hau ɗakin tuƙi da goshin jirgi. Ɗaki mai baranda yana ƙara kuɗi sosai alhali gefe ɗaya kawai yake nuna maka, dabba kuma ba ta zaɓar gefe. Da a sa kuɗin a baranda gara a ƙara kwana biyu ko uku a tafiyar.

Farashi na canzawa, amma tafiyar Svalbard ta mako guda zuwa kwana 10 yawanci daga dala 5,000 take farawa ta haura 10,000, ta Kanada kuma takan ninka haka. A duba abin da ke cikin kuɗin: jirgin sama na shata, aron dogon takalmin roba, rigar sanyi, ladan ma'aikata, da ƙarin da ake ɗora wa mai son ɗaki shi kaɗai. Inshorar da ta ƙunshi kwashe majiyyaci ta sama wajibi ce, kamfanoni da yawa ba sa karɓar fasinja sai da ita.

Sanyin bazara bai kai yadda ake zato ba. A Yuli Svalbard takan kasance tsakanin digiri 3 zuwa 7. Abin da ke cutarwa shi ne zama awa biyu a kwalekwale ba motsi, iska na kaɗawa, ruwa na fantsama. A sa tufafi hawa uku: na ulu a jiki, mai kauri a tsakiya, mai hana ruwa da iska a waje. Auduga a jikin fata kuskure ne, tana shan gumi ta riƙe shi ta sanyaya mutum. Wando mai hana ruwa dole ne, a sake shi a kan takalmin, kada a cusa shi ciki, in ba haka ba ruwa ya gangara cikin takalmi. Safar hannu biyu, domin ɗaya za ta jiƙe.

Ga mai fasfo na Najeriya, Nijar, Gana, Kamaru, Chadi ko Sudan, biza tana iya yanke zaɓin tun kafin komai. Svalbard ita kanta ba ta neman biza, amma tana wajen yankin Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, ciki har da Norwe, hanyarta kuma ta Norwe ce. Tashi zuwa Longyearbyen fita ce daga Shengen, dawowa kuma sabuwar shiga ce, saboda haka sai biza mai shiga biyu ko fiye. Mai shiga ɗaya zai maƙale a dawowa. Girinland ma ba ta cikin Shengen, bizar sai an nema ta hannun Denmak an rubuta a kanta cewa tana aiki a Girinland. Tafiyar Kanada yawanci daga Girinland take farawa, wasu a Alaska ta Amurka suke ƙarewa, wato biza uku ko huɗu. Kamfanoni kan nemi cikon kuɗi wata uku ko huɗu kafin tashi, kuma ƙin ba da biza ba ya cikin dalilan da suke mayar da kuɗi sai in an rubuta, don haka a karanta sharaɗin kafin a biya kafin alƙalami.

Musulmi ya tambayi malaminsa tun a gida yadda zai ƙaddara lokutan salla inda rana ba ta faɗuwa. Malamai sun yi bayanin bin lokacin Makka ko na gari mafi kusa da ke da dare da rana. Daga Svalbard alƙibla na kudu ne da ɗan karkata gabas, kuma jirgi na juyawa, ma'aikatan ɗakin tuƙi za su faɗa maka inda goshinsa ya fuskanta. Batun abinci a rubuta wa kamfani makonni kafin tafiya, domin abin da aka loda a tashar farko shi za a ci har ƙarshe. Kifi da ganye ba sa yankewa.

Ko wace tafiya aka zaɓa, a isa garin da za a hau jirgi kwana guda kafin ranar tashi. Hazo na soke jiragen sama a Longyearbyen da filayen Girinland, jaka takan makara a Oslo ko Kopenhagen, jirgin ruwa kuma ba ya jiran kowa, babu wata tasha a gaba da za a tare shi. Magunguna, madubin hangen nesa, kyamara da tufafin sanyi hawa ɗaya su kasance a jakar hannu.